Littafin Baba Dakta Yana Cikin Akwatina

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku ji ni tukuna kafin ku yanke mini hukunci, ni ma na san ban kyauta ba.

Ina aikin ɗinkin tsofaffin littattafai a wani shago a unguwar Hindawiyya da ke Jidda. Wani dattijon likita ɗan Najeriya da ke zaune a unguwar Safa, muna ce masa Baba Dakta, shi ya roƙi kafilina, wato maigidan da ya tsaya mini, ya ɗauke ni aiki har na samu iƙama, takardar izinin zama. Bara ya kawo mini wani littafin labari na Fotugis da aka fassara zuwa Larabci, bangonsa ya saki. Ya ce, "Ɗana, marigayiya matata ce ta saya mini, ka lallaɓa shi." Ina buɗewa na gane bugun farko ne na gaskiya: an yi kuskuren harafi a sunan mai fassarar, wanda aka gyara a bugun da ya biyo baya, ga takardar mai kauri, kuma ba a rubuta adadin bugu ba. Shekara goma ina jin labarinsa, ban taɓa riƙe shi ba. Me ya shiga kaina? Na ɗauko bugu na uku a shagonmu, na cire shafin da ke nuna bugun, na ɗinka masa tsohon bangon, na ba Baba Dakta, na ɓoye na asalin a akwatina. Idonsa ya yi rauni, shafawa kawai ya yi ya sa mini albarka.

Wallahi ban sayar da na asalin ba, ko karanta shi na kasa yi.

To yanzu zai koma gida, yana so ya ba wani ɗakin karatu littafin da sunan matarsa. Masu ɗakin karatun sun nemi takardar shaida cewa bugun farko ne. Jiya ya riƙe hannuna ya ce, "Kai za ka rubuta, halas, magana ta ƙare. Wa na yarda da shi a Jidda in ba kai ba?" Na ce ya ba ni littafin in sake dubawa, ko zan samu in musanya. Ya ce a'a, 'yarsa ta riga ta naɗe shi ta rufe a jaka.

In na sa hannu, masana za su gano, a kunyata tsoho a bainar jama'a. In na faɗa masa, da wane ido zan kalle shi? In kuma kafili ya ji, kora ce, ga iyali a kaina. Ranar Alhamis yake jiran takardar.

Jama'a, me zan yi?