Ruwan Inabi Muka Sha, Ka Fito Ka Faɗa

Zuwa ga Alhaji, mai gidan cin abincin da ke cikin lambun inabi a bayan garin Birnin Kudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ban so maganar nan ta fito bainar jama'a ba, amma na zo ƙofarka ba a bari na gan ka ba, na kira lambar da ke jikin allonku har na gaji. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Sunana Hadiza, ina koyar da matan aure a wata Islamiyya a Farin Dutse, ta ƙasar Gwaram. Mijina, Malam Sale, shi ne limamin masallacin unguwarmu tun kafin a haifi 'yarmu ta fari.

Na farko, yadda muka zo wurinka. Bana muka cika shekara ashirin da biyar da aure. Malam ba mai yawan fita ba ne, ƙanensa direba mai jigilar Kano ne ya ba shi labarin lambunka. Rannan da safe ya ce mini, "Hadiza, duk shekarun nan ke kike dafa mini. Yau ki shirya, a dafa miki ke ma." Na ɗauka wasa yake, sai na ga ya sa farar babbar rigarsa ta Idi.

Tsakani da Allah, an karɓe mu da mutunci. Aka zaunar da mu ƙarƙashin rumfar inabi, aka kawo gasasshen kifi da farfesun kaza da wata shinkafa mai ƙamshi da ban san sunanta ba. Malam ya yi ta fama da cokali mai yatsu, da abin ya ishe shi ya wanke hannu ya ci abinsa. Na yi dariya har da hawaye. Da mai kawo abincin ya ji dalilin zuwanmu, sai ya ɗauko wata kwalba ya ce kyauta ce daga gidan. Malam ya tambaye shi mene ne a ciki, ya rantse ruwan inabi ne zalla, ba abin maye ko ɗigo. Ya zuba mana a kofunan gilashi masu doguwar ƙafa, ya ce mu ɗaga mu haɗa su, haka ake yi. Muka yi.

Na biyu, abin da aka yi mana. Akwai wata ma'aikaciyarka da take zagayawa da waya, mun zaci lambu take ɗauka. Ba wanda ya nemi izininmu. Ni kuwa na ɗage niƙabina don in ci abinci, na juya wa mutane baya, daga ni sai mijina. Ashe bidiyo ta ɗauke mu, kuka sa a shafinku na intanet don talla. Daga nan wasu suka yanke daidai wurin da muka haɗa kofuna, suka sa kiɗa, suka rubuta wai liman da matarsa ne a mashaya. Kafin mu ankara, ba wayar da bidiyon bai shiga ba daga Gwaram har Surko.

Na uku, halin da muke ciki. Dattawan masallaci sun ce Malam ya dakata da jan salla sai an bincika. Ya koma sahun baya, amma da ya ga na kusa da shi yana matsawa gefe, sai ya koma yin salla a ɗakinsa. Ajina da ba ya ɗaukar mata saboda cika, yanzu tabarma ɗaya ta ishe mu, mazansu sun hana su zuwa. Na je gaida mahaifina, wanda ya koya mini karatu tun daga babbaƙu, na durƙusa na ce, "Baba, wallahi ruwan inabi ne." Ya ce shi ma ya ga abin da idonsa, ya juya fuskarsa bango. Hawan jinin Malam ya tashi, ko kunu sai na lallaɓa shi yake sha. Abin da ya fi ci mini rai, kullum sai ya ce in yafe masa da ya kai ni wurin. Mutum ya so faranta wa matarsa rai, yau shi ne yake neman gafara.

Na huɗu, zuwana wurinku. Mai gadi ya ce ka tafi Kano. Manajanka ya fito yana murmushi, ya ce ai bidiyon ya jawo muku baƙi, kuma wasu roƙo suke yi a sa su. Na yi masa kuka a gaban mutane, ya ce zai duba. Har yau bidiyon yana nan a shafinku.

Alhaji, dattawa za su zauna bayan sallar Juma'a mai zuwa. Sun ce mutum ba ya yi wa kansa shaida, sai an sami wanda zai yi magana daga wurin da abin ya faru. Don haka nake roƙonka, don Allah don Annabi:

Ka sa a cire bidiyon nan yau, kada a kai gobe.

Ka fito da kanka a shafin da aka sa mu, ka faɗa da bakinka cewa ruwan inabi aka ba mu, kuma ba da saninmu aka ɗauke mu ba.

Ka turo wanda ya zuba mana ruwan zuwa Farin Dutse ranar Juma'a, da irin kwalbar a hannunsa, dattawa su gani su ɗanɗana.

Ka hana ma'aikatanka ɗaukar kowa sai ya yarda.

Idan Juma'a ta wuce ba wanda ya zo, za a naɗa wani liman, kuma 'ya'yan mashayi, sunan da za a riƙa kiran 'ya'yanmu da shi ke nan. Kai ma kana da iyali, Alhaji. Ba ni da wanda zan aika wurinka, ba ni da wata ƙofar da zan ƙwanƙwasa bayan wannan.

Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya rufa maka asiri duniya da lahira, ya kare iyalinka daga bakin mutane, ya sa takardar nan ta iske ka kafin Juma'a.

Wassalam.

Hadiza, matar Malam Sale,
Farin Dutse, Gwaram.