Taɓo a Bakin Nana

Bagega, daren Laraba

Da la'asar na tarar da ɗiyata Nana a gindin bangon banɗaki tana kwaɓa taɓo, har da shi a bakinta. Shawar nan ce ke yoyo tun shekaranjiya, ruwan ya bi ta kan kayan aikin Babanta ya gangaro tsakar gida. Shawar da ya kafa takanas don ya riƙa wanke ƙurar dutsen zinariya mai gubar dalma daga jikinsa kafin ya ɗauki yarinyar!

Na dirje mata baki har ta yi kuka. Inna, surukata, ta ce, "Ke ɗiyar nan, ruwa na fa, ba guba ba." Ita da gubar dalma ta ɗauke wa auta, ita ce za ta faɗa mini haka?

Mai gyaran famfo yana Anka, ya ce hanya ba ta biyuwa yanzu. Sai na rufe tanki, na yanko robar tayar keke na naɗe gaɓar bututun, na yi ta ja har yatsana ya fashe. Taɓon kuma na kankare shi da fartanya na binne can bayan danga. Da na buɗe ruwa bai ɗiga ba, amma na ajiye kwano a ƙarƙashi, ina ta kasa kunne.

Babanta ya ce in kwantar da hankalina, ga shi can yana minshari. Yanzu na leƙa ɗakin Inna, inda Nana ke kwana. Mai cewa ruwa ne kawai tana zaune cikin duhu, tafinta a kan goshin yarinyar.