Bugu Ɗaya a Kan Gwangwani

Suwidin, 3 ga Oktoba

Zuwa ga ɗan'uwana Mamduh, Abu Ziyad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Ummu Ziyad da yara da jikoki. Yaya gwiwar nan taka? Yaya Sham, abin da ya rage nata? Ni dai alhamdu lillahi, ina nan ina shan sanyin mutane.

Na san za ka gane rubutun tun kafin ka kai ga sunan, na kuma san abin da za ka ce: "Shekara goma sha ɗaya, sai yau katafila ta tuna hanyar gida?" Faɗi abinka. Na ɗauki hoton takardar na turo ta wayar 'yarka Lubna, don na san kai da waya ba ku taɓa shiri ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya na shiga shagon wani ɗan garin Hims in sayi burodi. Na ce masa, "Zaitun ɗin nan naka ya kwana biyu." Sai wani ƙato a bayana, har da gemu cike da fuska, ya saki ledarsa a ƙasa.

"Baffa, don Allah sake faɗa."

"In sake faɗar me?"

"Ko me ma! Wallahi kai ne Jalmud! Kai ne shugaban Rundunar Tsatsa! Baffa, saboda kai na yi fitsari a wando ina ɗan shekara bakwai!"

Na ce masa, "To Allah ya sa ka daina."

Sunansa Bassam, direban bas ne a garin nan. Ya hana ni fita sai da na yi masa kirarin nan, "Ku murƙushe su!" Na yi, tari ya sarƙe ni, shi kuwa ya tsaya yana share hawaye tsakanin buhunan shinkafa. Washegari ya kawo mini Jalmud ɗinsa na roba, mutumin ƙarfen nan mai rikiɗa ya koma katafila, wanda ya tsallako teku da shi a aljihu. Abu Ziyad, rabin awa na yi ina murɗa abin nan ban iya mayar da shi katafila ba. Shekara shida ina magana da bakinsa a shirin zanen yara na talabijin, ban san ta ina ake lanƙwasa ƙafarsa ba. Bassam ya karɓa, ƙas-ƙas-ƙas, ya gama.

Sai ya tambaye ni abu biyu. Ina Dabbus, mataimakin Jalmud, mai rikiɗa ya koma tankar mai? Kuma me ya sa ba a taɓa nuna kashi na ƙarshe da Larabci ba? Na ce masa Dabbus, wato kai, yana Sham lafiya ƙalau, kashi na ƙarshe kuma yaƙi ne ya ci shi. Ka san rabin gaskiya ce na ba shi.

Tun ranar nake tuna ranakun Alhamis ɗinmu. Masu muryar mutanen kirki da safe ake ɗaukar su, da sabon makirfo, da kofi, sunayensu ne kuma a farkon allo. Mu biyar, miyagu, sai bayan azahar, ɗaki ya cika da warin sigarinsu. Ustaz Adib, mai ba mu umarni, ba shi da na'urar da za ta mayar da muryar mutum ta ƙarfe, sai kai ka ɗauko gwangwanin man zaitun na mahaifiyarka ka fasa gindinsa. Ɗaya ya sa baki yana magana, ɗaya ya riƙe masa. Wanda ya riƙe shi ne alƙali: ya ƙwanƙwasa da zobe sau biyu, layi ya yi, sau ɗaya, a sake. Har Ustaz ya daina amincewa da kunnensa, sai ya leƙo ta gilashi yana jiran zobenka. Sau nawa ka buga mini ɗaya don mugunta kawai? "Sake, ya Nazih, wannan ba katafila ba ce, akuyar maƙwabta ce."

Kashi ɗari da uku muka yi, kuma a kowanne an ci mu da yaƙi. Sau ɗari da uku na yi ihun "Ku janye!" Mun san masu shirin don su sayar da kayan wasa suka yi shi, amma mu ba mu taɓa yi masa aikin wasa ba. Yanzu Taufik yana ƙarƙashin ƙasa, Gassan yana ƙarƙashin ruwa, Riyad yana Kanada ba ya son a tuna masa. Saura ni da kai.

Gwangwanin yana nan kuwa?

Ka gaida Ummu Ziyad, ka ce har yau ban ci makdus, yalon nan na cikin mai, irin nata ba.

Naka,
Nazih

Suwidin, 29 ga Oktoba

Abu Ziyad,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, da iyali baki ɗaya.

Kwana ashirin da shida na jira. Abin da Lubna ta rubuto kalma huɗu ne: "Baffa, Baba ya ji." Ya ji! Ko bawan da ya fasa tulu ana ce masa wani abu. Da zagina ka yi da ya fi mini. Na yi fushi, na rubuta maka wata takarda mai zafi, na yage ta, don da na sake karantawa na ga babu layi ɗaya a ciki da nake da ikon faɗa.

Bari in daina kewaye-kewaye. Tarin nan ba na sanyi ba ne. Ciwon daji ne a maƙogwaro. Ranar ashirin ga Nuwamba za su yi aiki, su cire inda murya take fitowa gaba ɗaya. Likitar yarinya ce mai kirki. Ta ce, ta bakin tafinta, daga baya za su ba ni wata 'yar na'ura da ake dannawa a wuya, sai dai muryar za ta fito kamar ta mutumin ƙarfe, kada in tsorata. Na yi dariya har ta kira ma'aikaciyar jinya. Ban iya yi mata bayani ba.

Ba don ka tausaya mini na faɗa maka ba. Na faɗa ne don ka san kwanaki nawa suka rage.

Laifina biyu ne, kuma na san su. Ranar Alhamis ɗin da za mu ɗauki kashi na ƙarshe, tun da asuba ina cikin mota a hanyar Beirut. Daren Laraba mun sha shayi tare a ƙofar gidanka, ka ce, "Gobe kada ka makara, ya katafila," na ce, "In sha Allahu," alhali jakata tana ɗaure a gida. Riyad ya gaya mini ka tsaya riƙe da gwangwani har la'asar, kana cewa cunkoson shingayen hanya ne ya tsare ni. Bayan mako biyu aka rufe ɗakin ɗaukar murya. A kan wannan ina da 'yar hujja: jami'an tsaro sun zo neman ɗana Karam sau biyu, kuma a lokacin ko inuwarka ba ka gaya wa za ka tafi. Amma kai ba inuwa ba ne. Da na gaya maka.

Na biyun ba ni da hujja ko ɗaya. Wani ɗan jarida ya sa mini makirfo a baki a nan, ina jin yunwar a saurare ni, na ce waɗanda suka zauna sun sayar da muryarsu. Ban ambaci suna ba, amma duk Sham ta san wa yake karanta sanarwar gwamnati a rediyo a lokacin. Kana da baki tara da kake ciyarwa, da uwa a kwance. Ni ina zaune a ɗaki mai ɗumi ina cin abincin gwamnatin wasu, ina auna mutuncin mutane. Har yau ba na son abin da ka karanta, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba ni ne zan faɗa ba, kuma ba daga nan ba.

Takardar kashi na ƙarshe tana wurina. Ita na sa a jaka na bar hotunan aurena, matata Suhaila har ta rasu ba ta daina yi mini gorin wannan ba. Ka tuna shafi na tara? An ragargaza Rundunar Tsatsa, Jalmud ya dawo ya sami Dabbus a kwance, mai yana zuba daga cikinsa, ya ce, "Na bar ka a filin daga na tsira da kaina. Ka yafe mini." Ustaz Adib ya ja jan layi a kai. "Mugu ba ya neman gafara, ya jama'a. Yara za su ruɗe, iyaye su dame mu da waya." Kai ka yi ta musu da shi har ya ce to a ɗauka, ya gani.

Ga roƙona. Zan ɗauki layukan Jalmud a waya, in bar maka gurbin Dabbus, kamar yadda muke yi in ɗayanmu yana mura. Kai ka cike naka. Ba don talabijin ba, babu mai nema. Don a ce an gama.

Naka, ko kana so ko ba ka so,
Nazih

Suwidin, 18 ga Nuwamba

Abu Ziyad,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen gida.

Shiru dai. To, ga shi na turo wa Lubna. Minti goma sha ɗaya ne.

Na sayi gwangwanin mai a shagon ɗan Hims, na juye man a tukunya, na fasa gindin. Ba ya amsawa kamar namu, ƙarfen yanzu ba shi da kauri. Na jingina shi da littattafai don babu mai riƙewa. Bassam ya ce zai riƙe, na ce a'a, wurin wani ne. Layi goma sha huɗu, kwana uku ina yi, don bayan kowane biyu sai na huta. Gurbin da na bar maka na auna shi da numfashinka, na san inda kake ja da inda kake tsayawa. Duk layin da na gama sai in kasa kunne ina jiran zobe.

Jibi da safe za su shiga da ni. In ban fito ba, ka sa a yi mini addu'a a masallacin unguwa. In na fito, to ka riga ka ji ƙarshen abin da zan faɗa da bakina.

Nazih

Suwidin, 14 ga Disamba

Zuwa ga ɗan'uwana Mamduh,

Assalamu alaikum. Yaya jiki? Wannan tambayar ya kamata in fara yi tun watan Oktoba, da na san abin da nake tambaya. Allah ya ba ka lafiya, ya saka wa Ummu Ziyad da Lubna da alheri.

Na fito. An yi aikin, an ce ya yi kyau. Ina da rami a wuya da allo a hannu.

Jiya saƙon Lubna ya iso, dogo wannan karon. Ta ce shekara biyu ke nan da hawan jini ya buge ka, ɓarin dama ya mutu, harshe ya tafi. Ta ce tun takardar farko ta so ta gaya mini, kai kuma ka riƙe mata hannu kana girgiza kai. Ni ina nan ina ƙirga kwanaki, ina cewa girman kai ne. To, akwai girman kan, kada ka musa, ba ka so in san Dabbus ya yi shiru. Amma na zarge ka da abin da ba ka yi ba, karo na biyu ke nan.

Ta ce da ta kunna maka muryata ka yi ta nuna saman kabad da hannun hagu, har uwarta ta gane, ta sauko da gwangwanin, ta zazzage ƙusoshin da ke ciki. Aka mayar maka da zoben hannun hagu. Lubna ta kunna muryata a wayar Ziyad, ta ɗauki bugunka da tata.

Na saurara, Abu Ziyad. Layi na farko, gurbinka shiru, sai ƙwas-ƙwas. Na biyu, ƙwas-ƙwas. Har wanda tari ya yanke ni a tsakiya ka ba ni biyu, kai da ba ka taɓa yi mini rangwame ba. Na zauna a bakin gado ina kuka babu sauti, don yanzu haka nake kuka. Goma sha uku, duk biyu-biyu.

Sai shafi na tara. "Na bar ka a filin daga na tsira da kaina. Ka yafe mini." Na ji numfashinka kusa da waya. Sai ƙwas. Ɗaya.

Na jira na biyun har abin ya ƙare. Na mayar baya sau biyar ko wayar ce ta haɗiye shi. Lubna ta ce ita ma ta ɗauka hannunka ne ya gaji, ta ce, "Baba, ƙara ɗaya mana," sai ka ture gwangwanin daga bakin wayar, ka nuna bakinka, ka nuna sunana a kan takarda.

Da farko na ji haushi. Na rubuta a allona, "Tsohon banza, da wace muryar zan sake?" Babu ma wanda zan nuna wa. Amma na kwana na tashi, na ga alƙalancinka daidai ne, kamar kullum. Duk cikin goma sha huɗun shi na fi yi da kyau, kuma shi ne na ƙarya. Na sa baki a gwangwani na bar Jalmud ya roƙi Dabbus, da kalmomin da wani ya rubuta. Takardu uku na rubuto maka, na lissafa laifina dalla-dalla kamar mai karanta sanarwa, amma ka duba, babu inda ni Nazih na ce maka ka yafe. Ina da murya shekara goma sha ɗaya da wata ɗaya da rabi. Na kashe ta a kan zaitun da 'yan jarida.

An kawo mini na'urar wuyan. Na gwada, Jalmud ne sak, ko gwangwani ba ya buƙata. Ba zan faɗa maka da ita ba. Abin da ya rage mini wanda yake nawa shi ne hannun nan, kuma ka san rubutunsa.

Mamduh, na tafi ban sallame ka ba. Na ci mutuncinka a gaban duniya kana cikin wuta. Ni ne, ba katafila ba. Ka yafe mini.

Lubna, 'yata, karanta masa wannan a hankali, ba da muryar wasa ba. Ki sa gwangwanin kusa da hannunsa na hagu, ki kunna wayar. Ko nawa ya buga, ki turo mini yadda yake. In ɗaya ne, ina da sauran takarda.

Ɗan'uwanka,
Nazih Abu Karam