Gyaran da Ka Jira, Baba

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Inna tana nan lafiya, sai ciwon ƙafar da ka sani. Yaya Sani ya dasa tumatir a fadamarmu ta Kudan, amma da za ka ga kunyoyinsa da ka yi masa faɗa.

Raina a ɓace yake, Baba, kuma kai ne za ka fi kowa gane dalili.

Shekara huɗu ke nan ina jami'a ina karanta yadda manyan hukumomin duniya ke juya tattalin arzikin ƙasashe. Saura kundin bincike na kammalawa, kuma a shafinsa na farko na sa labarinka. Jiya malamin da ke duba min aikin ya ja wa shafin jan biro daga sama har ƙasa. Ya ce labarin ƙauye ba hujja ba ne, in cire shi kafin Litinin ko ya ƙi sa hannu. In bai sa ba, ba zan fita da 'yan ajinmu ba, sai baɗi.

Labarin gyara ne.

Ina tuna ka a kasuwar Makarfi, durƙushe gaban buhun masara. Ba ka taɓa auna wa mutum mudu ka tsaya nan ba. Sai ka cika shi har yana zuba, sannan ka ɗebi tafi guda ka ƙara masa. Kakan ce, "Gyaran nan shi zai dawo da shi wani makon."

Shi ya sa lokacin kana saurayi, da ka ji a rediyo za a yi gyaran tattalin arziki bisa shawarar masu ba ƙasashe lamuni, ka ɗauka ƙari za a yi wa manoma. Da bakinka ka ba mu labarin. Ka je wajen Saulawa ka share sabuwar gona, don kada taki ya zo ba ka da inda za ka zuba shi. Takin bai zo ba. Wanda ake samu da rahusa ma aka janye tallafinsa, gonar ta koma saura.

Na taso na ga abin da ya biyo baya da idona. Tumatirin gwangwani daga ƙetare ya cika shaguna, naka yana ruɓewa cikin kwanduna a bakin titi, kana zaune kana kore masa ƙudaje. Duk da haka, in aka ambaci gyara a rediyo sai ka matso da ita kusa da kunne.

Ga abin da ya fi ci min rai. Hutuna na farko daga jami'a, muna tsakar gida da Inna da Yaya Sani, aka sake sanar da wani gyaran. Ka ce a bari a gani, ƙila wannan karon ya iso Kudan. Na yi dariya, Baba. Ina ji da karatun zango ɗaya, na ce maka kalmar a Turanci ba ƙari take nufi ba, nufinta gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ta janye hannu daga manoma. Ba ka yi fushi ba. Ka kira ni da sunan da kake kirana saboda na ci sunan mahaifiyarka, ka ce, "To Uwata, tunda sun san ragewa za su yi, me ya sa suka ce gyara?"

Na shige ɗaki ina ganin kai ne ba ka gane ba.

Tun daga ranar na karanta yarjejeniyoyi da sharuɗɗa da rahotanni har idona ya nemi gilashi, ban samu wanda ya amsa tambayarka ba. A cikinsu ba ka da suna. Kai da irinka ƙananan manoma ne da za su ɗan ji jiki na ɗan lokaci, kuma a cikin wannan ɗan lokacin ka yi furfura har ka rasu. Ƙasashen da suka nace a janye maka tallafi, manomansu suna karɓar nasu kowace shekara, ba kunya ba tsoron Allah. Ina jin haushinsu. Na fi jin haushin namu da suka sa hannu, suka samo kalma mai daɗi suka lulluɓe abin da ita. Ga kuma malamina, wanda shi ma da fartanya aka yi masa kuɗin makaranta a wani ƙauyen Ikara, yau shi ke kiran tambayarka jahilci.

Ba kai ka yi kuskure ba. A kasuwar Makarfi, duk wanda ya ce zai yi gyara sannan ya sa hannu ya rage mudu, sarkin kasuwa ake kira masa. Abin da kundin nawa ke faɗi ke nan tun daga farko har ƙarshe, to yaya zan cire wanda ya koya min?

Na kira Inna a waya na gaya mata ba zan cire ba. Ta ce in yi abin da zan iya kallonka da shi. Ranar Litinin zan mayar wa malamin da kundin, shafin yana nan, da cikakken sunanka a ƙasa inda ake rubuta sunayen farfesoshi. Ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. In ya ƙi sa hannu, zan zauna shekarar.

Ka tafi ban nemi gafarar dariyar nan ba. Ka yafe min, Babana.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a Aljanna. Ranar da za a auna ayyuka, Allah Ya cika maka ma'auninka har ya zuba, sannan Ya yi maka gyara, irin wanda ka sani. Amin.

'Yarka,
Uwata