Jika Guda a Ƙasa Uku

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin dakon dabbobi da nake yi wa tuƙi a Filinge.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Bawa, direban babbar motarka mai kai raguna da shanu ƙasashen waje. Na yi magana da akawunka, bai saurare ni ba, shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Duk inda muka sauka, balangu nake saye a bakin tasha, don shi ne abincin da ba ya tsai da mota. A kasuwar Bonkuku, in na miƙa jika guda, wato sefa dubu, mahauci zai cika mini takarda, ya barbaɗa yaji, ya ƙara da albasa, in ci har in rage. Na girma ina zaton jika guda tana da nauyinta, kamar yadda tiya ke da nata awon gero.

Na biyu. Tafiyar da na yi Sakkwato bayan naira ta faɗi, na ba ɗan canji 'yan takarduna na sefa, ya damƙo mini ƙunshin da aljihu bai ɗauka ba. Na tsaya ina kallonsa, na ɗauka kuskure ya yi. Da canjin jika guda na ci nama, na ci masa, na sha shayi, har na saya wa wani tsoho tuwo. Amma mai naman ya gaya mini shi da ke yankawa bai iya kai wa 'ya'yansa irinsa gida. Abincin da ya zame mini araha, shi ya fi ƙarfinsa. Har yau ina juya wannan a raina.

Na uku, kuma shi ya fi ɗaure mini kai. A Abijan ba a canji. Takardar nan ce dai, launi ɗaya, zane ɗaya. Na miƙa jika, aka ba ni nama yanka kaɗan da ba su rufe tafin hannuna ba, alhali mai yiwuwa ragon ni na kawo shi daga Kurfai. Ɗan yayana da ke gadi a can ya kai ni wani gidan abinci mai gilashi da sanyi, inda ake sa niƙaƙƙen nama tsakanin burodi, a miƙo maka kafin ka gama gyara tsayuwa. Kuɗin guda ɗaya ya kai abin da iyalina ke ci na kwanaki. Ga yara 'yan makaranta suna saye suna dariya. Ban ji haushinsu ba, wallahi. Tasbihi na yi. Ashe kuɗi ba shi da ƙarfin kansa, ƙasar da ya taka ce ke ba shi ko ta hana shi. Ikon Allah ya wuce lissafi.

Na huɗu. Ga kukana. Akawunka ya ji labarin arahar Sakkwato, ya rage mana kuɗin guzuri na wannan hanya. Ban musa ba. Sai na ce to a ƙara na Abijan. Ya ce: "Sefa sefa ce, ba a canza ta." Ranka shi daɗe, ma'aunin da ya san ragi ya kamata ya san ƙari.

Abin da ya biyo baya ka ji rabinsa. Abokin tuƙina Malam Idi, mutumin Damana, dattijo mai 'ya'ya, ya riƙa shan ruwa da gari kawai don guzurin ya kai mu gida. A hanyar dawowa daga Abijan, da rana tsaka, jiri ya ɗebe shi yana bisa sitiyari. Na fizgo motar, muka tsaya a cikin gonar mutane. An rubuta maka cewa barci ya yi, aka sallame shi. Ba barci ba ne. Yunwa ce, ina gefensa.

Roƙona ga shi. A auna guzurin kowace hanya da farashin abincin garin da za mu, ba da na Filinge ba. A mai da Malam Idi bakin aikinsa, a kuma wanke sunansa a tasha. In kana shakkar maganata, kana da ɗa da ke karatu a Abijan. Tambaye shi abin da jika guda ke saya masa da rana, ka kwatanta da abin da kake ba mu.

Allah shi ƙara maka buɗi, shi tsare dukiyarka a kan hanya, shi ba ka ikon yin adalci ga waɗanda ke ƙarƙashinka.

Wassalam.

Bawa direba, Filinge.