Kwana Goma Babu Talla

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Gaisuwar ƙanwa ce zuwa ga wanta, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya sauwaƙe maka ciwon bayan nan da ka ce sanyin can yana tayar maka, ya ƙara buɗi. Mu nan kalau muke. Inna tana nan da ƙarfinta, sai ɗan ciwon gwiwa, kuma ba ta daina mitar cewa ba ka kiranta sai ta yi mafarkinka ba. Babbar 'yata ta shiga aji uku. Maigida kuwa rana ta mayar da shi baƙi ƙirin, in ka gan shi sai ka tambaye shi ina mijin ƙanwarka.

Maganar kwalekwalen marigayi Baba ce ta sa na ɗauki biro. Na san har mai saye ka samu, ka fasa, ka ce na haɗa rabonka da nawa na gwada sana'ar da na daɗe ina damun ku da ita, wato na riƙa dafa abinci a kan ruwa ina bin masunta da masu fito, tunda da sassafe suke fita, ba mai ganin gaɓa sai la'asar, daga busasshen burodi sai yunwa. To, an yi aikin. Kafinta ya cire benci biyu na tsakiya, ya kafa akwatin yashi inda kurfoti zai zauna don kada garwashi ya taɓa katako, ya ɗora rumfar tamfol. Tukunya kuwa da waya muke ɗaure ta, don ranar gwaji da igiyar ruwa ta daki gefe, rabin miyar a zanina ta ƙare. Maigida ya bar dakon kaya a bakin gaɓa ya zama matuƙina. Ka ga ke nan babu komawa baya, jirgin ba zai sake kamun kifi ba yadda aka sassaƙe shi, gurbin maigida kuma tuni aka ba wani.

Sai dai, Yaya, baki shi ke yanka wuya, ni da nawa na kusa kashe sana'ar tun tana kwana uku. Ka san ba banza kuka sa mini Aku ba. Ni a sanina mai abinci talla take yi. Muna shiga tsakiyar tafki na miƙe na ƙwala, ga shinkafa da zafinta, ga wake, ga shayi, har ina buga ludayi a murfin tukunya don na nesa su ji. Ashe kifi ba ya son hayaniya! 'Yar masunci guda, amma ban sani ba, don Baba bai taɓa fita ruwa da mu mata ba, maigida kuma ɗan tudu ne. A rana ta uku na zo daf da Baba Mai Taru, dattijon nan da ya girmi kowa a ruwan, wanda tun muna yara ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Tun hantsi yake lallaɓa kifi zuwa tarunsa, ni kuwa na zo na kwaɗa murfi daidai saitin tarun. Ya ja taru, ko na miyar gidansa bai samu ba. Ya naɗe kayansa ya nufi gaɓa.

Washegari shugaban masunta ya kira mu rumfar da suke ɗinkin koma. Baba Mai Taru ya ce tafki ba tasha ba ce, mai son talla ta koma tudu. Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan ce ruwan ba gadon kowa ba ne, maigida ya take mini ƙafa. Allah ya saka masa, da na faɗa da yanzu wata irin takardar kake karantawa. Wani mai fito ya sa baki, ya ce shi dai tunda ya fara aikin nan bai taɓa cin abu mai zafi da rana ba sai makon nan. Daga ƙarshe shugaba ya yanke cewa a ba ni kwana goma, ba talla, ba buga murfi. Mai son abinci ya ɗaga filafilin tuƙinsa sama, mu kuma mu zagayo a hankali ta bayan taru. In kwana goman ya cika Baba Mai Taru bai yarda ba, mu fitar da jirginmu daga ruwan.

Kai, Yaya, na sha wuya! Na naɗe kan ludayi da tsumma don kada ya yi ƙara. Na koyi miƙa kwano cikin kwando a bakin doguwar gora, ciniki kuma da yatsu, kamar bebiya. Da mun dawo gida sai na sauke wa Inna maganar yini guda har ta ce kunnenta ya yi zafi, na je na ƙarasa wa kaji. Amma abin da ke cin raina kai ne. Kullum ina tunanin da wane baki zan gaya maka na sa an sassare jirgin Baba a banza, bayan ka hana kanka ka ba ni. Shi kuwa dattijon, tsoronsa ya sa ko ɓangarensa ba na kallo. In mun zo saitinsa sai na sunkuyar da kai a kan tukunya, maigida ya juya masa baya ya ƙara wa tuƙi sauri.

Rana ta tara da azahar muna wucewa haka, tsit, sai wata tsawa ta tsaga tafkin. Na ɗago a firgice. Baba Mai Taru ne tsaye cikin jirginsa, filafili a sama, yana tambaya da iya ƙarfin muryarsa ko mu makafi ne. Ya ce kwana uku ke nan yana ɗaga wannan abu har kafaɗarsa ta sage, ko shi yunwarsa ba yunwa ba ce. Wallahi kifin da ya watse ranar, nawa wasa ne. Masunta suka kwashe da dariya, wani har jirginsa ya kusa kifewa. Na zuba masa. Ya cinye tas, ya miƙo kwano, ya ce gishiri ya yi kaɗan, gobe kuma a fara ta wurinsa kafin miya ta huce. Ba a ma jira rana ta goma ba, shugaba ya ce tunda mai ƙara da kansa ya karya dokar, zance ya mutu. Ni kuwa na zauna bayan tukunya na yi kukana son raina, maigida yana ta ce mini na yi a hankali saboda kifi.

Yaya, na gode, na gode. An ce yaba kyauta tukwici, to ni shi kaɗai gare ni. Ka yarda da ni lokacin da dangi ke cewa mace da wuta a kan ruwa hauka ne. Yau jirgin Baba yana ciyar da mutanen da ya yi sana'a tare da su, yana ciyar da gidana. Allah ya jiƙan Baba, kai kuma ya sa naka 'ya'yan su yi maka fiye da haka.

Ka gaishe mini da uwargida, da takwarata, da 'yan biyu, da Kawu in kun haɗu. Inna tana sa maka albarka, maigida yana gaisuwa. Zan tsaya nan, wake na kan wuta, kuma ka ji wanda ya ce a fara ta wurinsa.

Ƙanwarka mai yi maka addu'a kullum,
Auta