Zanzaro ko Ɗan Dako

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna da Yaya. Yaya ƙafar? Ina fata kana shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda kai ka ga dama ba.

Na san tun da kunnen ya ƙara nauyi waya ba ta yi maka daɗi, shi ya sa na zauna na rubuto. Albishirinka. An fitar da sakamakon kashin farko na kwas ɗinmu na tuƙin helikwafta, ni ce ta biyu. Wanda ya kayar da ni wani ne da muke kira Lissafi, mutumin da ko shayi zai haɗa sai ya auna sukarin. Ban ji haushi ba, ya cancanta.

Ƙarshen wata za a yi zaɓen jirgi, kuma ga yadda ake yin sa a nan. Ana jera ƙananan jirage na katako a kan tebur a ɗakin taro, kowane ɗaya yana nufin gurbi ɗaya. Sai a riƙa kiran mu bisa matsayi, mutum ya taso ya ɗauki wanda yake so. Abin da aka ɗauka ya tafi ke nan. Na ƙarshe ba ya zaɓe, abin da ya tarar shi ne rabonsa. Kuma irin jirgin da ka ɗauka, shi za ka tuƙa har ka ajiye kaki.

Iri biyu ne manya. Akwai jirgin yaƙi da muke kira Zanzaro saboda tsukakken ƙugunsa, mutum biyu yake ɗauka, gurbinsa kuma biyu ne kacal. Kowa shi yake mafarki. Sai ƙaton nan mai ɗaukar sojoji da kaya da waɗanda suka ji rauni, wanda ake kira Ɗan Dako. Shi ne yakan rage a kan tebur.

Ka ga ke nan, tunda ni ce ta biyu, babu wanda zai riga ni ga abin da nake so. A taya ni da addu'a.

A gaida Inna, a ce mata ina cin abinci, ta daina tambayar Yaya ko na rame.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, takardarki ta same ni lafiya. Ƙafa da sauƙi. Maganar magani kuwa, tsakanina da likita ce.

Na kai takardar benci inda muke zama da 'yan'uwana tsofaffin soja a gaban shagon mai aski, na karanta musu. Akwai wanda ya ce mace ba za ta iya ba tun ranar da kika tafi. Na sa shi ya karanta wurin sakamakon da bakinsa. Na gode wa Allah, na gode miki.

Game da zaɓe, ban ga abin neman addu'a ba. Ki ɗauki Zanzaro. Na yi aikin soja a ƙasa da ƙafata har na kai saje, na san jirgin da sojan ƙasa ke murna in ya ji ƙararsa. Shi wancan ƙaton ba jirgin soja ba ne, motar haya ce mai farfela. Yana zuwa in ya ga dama, yana tafiya in ya ga dama. Ba na son jinina a cikinsa.

Tun da mahaifiyarku ta rasu na ɗauko ku ke da yayanki, ban taɓa ce miki ga abin da za ki zama ba. Da kika ce soja, Innarki ta yi kuka, ni na tsaya miki. Wannan ne abu ɗaya da na nema a wurinki.

Allah ya yi miki albarka. Ki riƙe ibada, ki girmama na gaba da ke.

Kawunki

*

Yayana na kaina,

Sallama da gaisuwa. Yaya kantin magani, yaya masu zuwa neman allura ba takardar likita? Wannan wasiƙar taka ce kai kaɗai, ka ji. Ina cikin tsaka mai wuya.

Kafin zaɓe ana ɗora mu a kowane jirgi mu ɗanɗana. Na hau Zanzaro, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, abin gwanin daɗi. Kana tunanin juyawa, ya riga ya juya. Na sauko ina murmushi kamar wadda aka yi wa kyautar mota.

Sai aka sa ni a Ɗan Dako tare da wata manjo da ɗalibai ke kira Ƙanƙara, don ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya. 'Yar ƙaramar mata ce, sai ta sa matashi a kujera kafin ta zauna. Muna sama ana nuna mini yadda ake ɗaukar kaya, sai aka kira ta a rediyo cewa wani kurtu da ke atisaye a kan dutse ya faɗi ya karye a cinya. Mu ne mafi kusa.

Yaya, wurin babu fili ko na shimfiɗa tabarma. Gangare ne da duwatsu. Kuma abin da ban sani ba sai ranar, matuƙin wannan jirgi ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Akwai wani saje da ke kwanciya rub da ciki a bakin ƙofa, an ɗaure shi da ɗamara, kansa a waje. Shi ne idonta. Yana magana a hankali ta cikin hular kwano, hagu kaɗan, tsaya, ƙasa, ƙasa, ita kuma ba ta ko leƙawa. Ta kafa ido a kan wani dutse da ke gabanta tana bin muryarsa.

Mun kusa taɓa ƙasa sai iska ta kwararo daga bayan dutsen ta tura mu gefe. Na ji jirgin ya yi nauyi kamar zai zauna. Ta ce, "Ba yanzu ba," ta ɗaga mu sama. Ta taga ina ganin sojojin suna ɗaga hannu, ɗaya har ya cire rigarsa yana kaɗawa. Ta juya ta bar su. Wallahi na ji kamar in fizge sandar tuƙin daga hannunta.

Ashe kwari ta nufa. Ta sauke kayan da muke ɗauke da su da mutum biyu don jirgin ya yi sauƙi, ta zagayo ta ɗaya gefen inda iskar ke bugun hancinmu. Ta ɗora taya ɗaya a kan dutse, sauran jirgin yana rataye a iska, farfela na wucewa dab da gangaren. Haka ta riƙe shi har aka shigo da yaron. Na kalli hannunta, ko rawa ba ya yi. Da saje ya ce an rufe ƙofa, abin da ta ce kawai shi ne a gaya wa yaron ya yi haƙuri da jijjiga.

Da muka sauka na tambaye ta ko ba ta ji komai ba da ta bar su a karon farko. Ta ce ta ji mana. Ta ce amma da ta nace, da yanzu ana neman wanda zai kwashe mu duka. Daga nan ta tambayi inda aka ajiye mata matashinta.

Tun ranar ban sake mafarkin Zanzaro ba. Wannan aikin nake so, kuma irin matar nan nake so in zama. Ga kuma takardar Kawu a ƙarƙashin filona. Me Ɗan Dako ya yi masa ne haka? Kai da kake gida, ka bincika mini.

Ƙanwarka mai ba ka ciwon kai,
Auta

*

Auta,

Amin wa alaikis salam. Muna lafiya, kanti lafiya. Zan fara da amsar tambayarki, sannan in gaya miki abin da na yi ba da izininki ba.

Na tambayi Inna muna tsakar gida tana wanki. Ta ce lokacin da Kawu ke bakin daga, kafin a haife mu, yana da aboki da suke kira Mai Busa, tare suka shiga soja. An harbe shi a ciki. Kawu ne ke riƙe da rediyon oba-oba, shi ya kira jirgi. Jirgin ya zo, irin ƙaton nan, ya sauko har suna ganin hular matuƙin. Ya yi shawagi a kansu, sannan ya juya ya tafi. Bai dawo ba. Mai Busa ya cika a kan cinyar Kawu kafin la'asar. Inna ba ta san dalilin juyawar ba, kuma ina jin shi ma bai sani ba. Ta ce sau ɗaya ya taɓa ba ta labarin, a shekarar da suka yi aure.

Yanzu abin da na yi. Na ba shi wasiƙarki ya karanta. Na san kin ce tawa ce ni kaɗai. Na auna, na ga in ni na ba shi labarin da bakina zan ɓata shi, ke kuma kin rubuta shi yadda ya kamata. In kin zo ki yi mini faɗan.

Ya karanta a kan kujerarsa ta bakin taga, ya koma farko ya sake. Ya cire tabarau ya ce wannan manjo jarumar gaske ce, da a zamaninsu ne da ya sara mata ko ba ta sa kaki ba. Na ɗauka an gama. Sai ya ce in rubuta miki sharaɗi. Ya yarda ki ɗauki Ɗan Dako in za ki yi masa alkawari ba za ki taɓa ganin mutane a ƙasa suna jiran ki ki juya ki bar su ba. In ba za ki iya ba, ki ɗauki Zanzaro kamar yadda ya ce.

Ra'ayina, tunda na san za ki tambaya. Kalma ɗaya ce, kuma za ta kwantar masa da hankali a shekarun da suka rage masa. Amma kin fi ni sanin ko kalma ce da za ki iya riƙewa. Ni magani nake sayarwa, kuma ban taɓa ce wa mutum wannan zai warkar da kai tabbas ba, ko da ya roƙe ni in faɗa.

Inna na gaishe ki. Ta ce hoton da kika aiko ya nuna kin rame.

Yayanki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma neman ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

An yi zaɓe jiya. Aka kira Lissafi, ya je ya ɗauki Zanzaro, aka tafa masa. Aka kira ni. Saura Zanzaro ɗaya a bakin tebur, an ma ɗan turo shi gaba don kowa ya san nawa ne. Na tsaya a kansa, Kawu, na tuna da kai da bencin mai aski. Sannan na miƙa hannu can baya na ɗauki Ɗan Dako. Kwamanda ya tambaye ni ko na ga abin da ke hannuna da kyau, na ce na gani. Wanda ya zo na uku ya kusa faɗuwa wajen saurin zuwa tebur. Manjo tana zaune a gefe, ba ta tafa ba, kai kawai ta gyaɗa.

Yaya ya gaya mini sharaɗinka, ya kuma gaya mini labarin Mai Busa. Allah ya jiƙansa. Na yi kuka, kuma na fahimci abin da ka nema. Amma ba zan iya yi maka wannan alkawarin ba. Akwai ranar da iska ko nauyi ko wutar abokan gaba za su hana ni sauka, ga mutane a bayana da su ma ake jiran su a gida. Ranar zan juya. In na ce maka ba zan juya ba, na yi maka ƙarya, kai kuma ba ka raine ni a kan ƙarya ba.

Alkawarin da zan iya ɗauka shi ne wannan. Zan koyi aikin nan har in kai inda hannuna ba ya rawa. In na juya, zan zubar da duk abin da za a iya zubarwa in sake gwadawa ta wani gefen. Amma na san akwai ranar da karo na biyun ma ba zai yiwu ba.

Na saɓa maka a abu ɗaya da ka taɓa nema a wurina. Ban da bakin kare kaina. Za a ba mu hutu kafin mu fara kwas na gaba. In ka ce kada in zo, zan ji, amma ina roƙon ka bar ni in zo ko a zaure ne in gaishe ka.

Ka yafe mini.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso.

Ban so ba, kuma har yanzu ban so ba. Amma abin da aka ɗauka ya tafi, ke kika gaya mini.

Ki saurara. Wancan matuƙin, na daɗe da sanin wataƙila yana da dalilinsa. Abin da na kasa yafe masa shi ne ina riƙe da oba-oba ina kira, bai ce mini uffan ba. Duk ranar da ba za ki iya sauka ba, ki buɗe baki ki yi wa na ƙasa magana. In za ki dawo, ki ce za ki dawo. In ba za ki dawo ba, ki faɗa musu, don su san abin da za su gaya wa wanda ke kwance. Ni na yi ta ce wa Mai Busa ga jirgin nan dawowa.

Maganar zaure kuma, ba baƙuwa na raina ba. Ki zo gida. Ki gaishe mini da manjonku.

Allah ya tsare.

Kawunki